Injin Hujin da Ya Dawo daga Kumasi

Da asubar wata Litinin na iske Masta Yusif yana auna injin huji. Garejin da yake ajiye kayan aikinsa yana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a Tottenham, cikin Landan, kuma a nan nake ɗaukarsa kullum bayan an fito masallaci. Ranar bai fito bakin titi ba, sai na kashe mota na shiga. Ya rataya injin a ɗan sikelin nan da muke auna akwati da shi kafin tafiya gida, ya ɗaga hannu sama, ya ƙanƙance ido yana neman lamba. Ya sauke, ya rataya wani injin mai kama da na farkon sak. Bai amsa sallamata ba sai da ya gama.

Na ce masa ƙofofi tara ke jiranmu a Edmonton kuma hanya za ta cushe. Ya ce in zo in karanta masa, idonsa ba ya gani sosai. Duka biyun ya cire musu batir. Na farko kilo ɗaya da giram ɗari shida. Na biyu kilo ɗaya da giram ɗari biyu.

"Kamfani ɗaya, Malam Zailani. Kala ɗaya. To ina giram ɗari huɗu ya tafi?"

Na ce ban sani ba, ya zo mu tafi.

Ni mutumin Gusau ne. Shekara goma sha ɗaya muka yi da shi muna gyaran gidajen council, wato na ƙaramar hukuma, shi ƙofa da taga da kabad ɗin kicin, ni wayar wuta da duk abin da ya rage. Ba na saurin yarda da mutum. Akwai wanda ya rantse mini zai dawo da tsanina ranar Juma'a, yau shekara shida ke nan. Tun daga lokacin idan mutum yana magana, hannunsa nake kallo.

Hannun Masta Yusif dai ba shi da abin zargi. An haife shi a Aboabo, cikin zangon Kumasi. Mahaifinsa, Malam Muniru, kafinta ne mai yin bencin makaranta da ƙofofin masallaci, kuma shi ke gyara makarar unguwa idan ta karye. Yusif ya zo Landan yana ɗan shekara talatin da biyar. Shekara huɗu ya yi yana sharar ofisoshi a Aldwych, yana shiga bas ɗin farko na safe, kafin wani ɗan kwangila ya gan shi yana gyara ƙafar tebur da wuƙar cin abinci ya ce ya zo ya gwada aiki. Tun daga nan bai sake riƙe tsintsiya ba. Idan ya ɗaga ƙofa da hannu ɗaya zai gaya maka ko cikinta katako ne ko kwali. Ban taɓa komawa gida don gyara aikin da ya yi ba.

Lokacin da nake ba da labari yana da shekara sittin da ɗaya. Gwiwoyinsa sun gama aiki. Idan ya durƙusa ɗaura ƙofa sai ya dafa bango sau biyu kafin ya miƙe. Matarsa Suweiba ta rasu shekara uku kafin nan, 'yarsa Na'ima ta yi aure a Birmingham. Abu ɗaya ya rage masa: ya koma shagon mahaifinsa a Aboabo, wanda ƙanensa Abdul-Jalil ke riƙe da shi. Akwai teburin aiki a gefen taga, na mahaifinsu, wanda aka ce an bar masa. Kusan kowane mako sai ya yi mini zancen teburin nan. Na san tsawonsa, na san ƙafarsa ɗaya gajera ce an tokare ta da ƙyallen taya.

Wannan teburin ne ya kusa kuɓuce masa saboda injin huji.

Abdul-Jalil ya sami aikin ƙofofi da tagogin wata sabuwar makarantar Islamiyya. Da katakon odum za a yi, mai taurin da ke cinye bakin zarto. Ya taɓa ganin injin Yusif a waya suna hira, mai batir, wanda ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Ya roƙi a aiko masa da irinsa. Yusif ya ce irin nasa sak zai aiko. Ya saya ya ba Hajiya Awabu, wata 'yar garinsu mai shagon atamfa a Peckham da ke zuwa Kumasi duk bayan wata biyu.

An ce ranar da akwatin ya isa, rabin layin ya taru kallo. Batir biyu, caja mai shiga bango ba sai an nemo wani kai ba, komai sabo fil. Mutanenmu, na Ghana da na Najeriya duka, idan aka ce kaya daga Landan yake an gama magana. Abdul-Jalil ya ɗauki tsohon injinsa mai waya ya ba wani tsohon yaron shagonsa kyauta, tunda na Landan ya zo.

Kwana goma sha biyu injin ya yi. Rana ta goma sha uku, shugabannin makarantar suna tsaye suna duba aiki, ya danna, injin ya yi gurnani amma bakinsa bai juya ba. Ya kai wa mai gyara a Suame, unguwar makanikai ta Kumasi. Mai gyara ya buɗe ya yi dariya. Haƙoran da ke juya bakin injin na roba ne, kuma sun cinye tas. Ya ce wannan ba kayan Landan ba ne, irin wanda ake shimfiɗawa a ƙasa a kasuwa ne. Dole Abdul-Jalil ya taka ya je ya roƙi aron abin da ya riga ya bayar kyauta.

Saƙon muryar da ya biyo baya bai aiko wa Yusif shi kaɗai ba, a dandalin dangi na waya ya saka, mutum arba'in da wani abu. Na ji shi da kunnena, don Yusif ya kunna a mota har sau uku. Ya yi tsawo, amma ƙarshensa ne ya zauna mini.

"Yaya, ka riƙe mai kyau ka aiko mana na wasan yara. In haka ka ɗauke mu, ka yi zamanka a Landan. Teburin Baba zan sa wani a kai."

Bai tsaya nan ba. Ya ɗaure mataccen injin a leda ya ba Hajiya Awabu ta dawo da shi. Shi ne na biyun da na iske ana aunawa.

Yusif yana da nasa zargin. A ganinsa mai gyaran nan na Suame ne ya zare haƙoran ƙarfe ya cusa na roba, ya sayar da na ƙarfen. Ya ce ya san halin wurin, mota za ta shiga da lafiyarta ta fito da kayan cikin wata. Ni kuma ina da nawa, kuma ba a kan mai gyara yake ba. Na tambaye shi inda ya saya. Ya ce a ɗaya daga cikin manyan kantunan nan na bayan gari, masu filin ajiye mota kamar filin Idi. Na ce ina rasit? Ya ce ya ɓata. A aikinmu rasit yakan ɓata ne daidai lokacin da ake nemansa. Na ɗauka a kasuwar ranar Lahadi ya tsinto shi, inda ake sayar da kaya a bayan mota, ya yi wa ƙanensa ƙarya.

Makon nan gaba ɗaya bai yi aikin kirki ba. Ya ɗaura ƙofar banɗaki a juye a wani gida, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Ranar Juma'a ya ce in kai shi kantin gobe, yana son ya auna sabo a gabana.

"Me ya sa ni?"

"Ina neman shaida wanda ba ya son kowa."

Muka je. Kantin irin wanda za ka yi tafiyar minti biyar daga fenti zuwa famfo. Injinan suna jere a kan kanta, kowanne an ɗaure shi da wayar ƙarfe, fitila ta haske shi kamar zoben gwal. Farashi da manyan haruffa, an soke wani an rubuta wani a ƙasa. Yusif ya je kai tsaye wurin da ya saya, bai yi dube-dube ba. Na lura da wannan. Wanda bai taɓa shiga wuri ba ba ya sanin hanya haka.

Ya zaro sikeli daga aljihu ya fara ƙoƙarin rataya na kan kanta, wayar ƙarfen tana ja masa. Tun shigowarmu na ga mai gadi yana bin mu a baya, wani dogo baƙi da rediyo a kafaɗa. Ban ga laifinsa ba. Dattawa biyu cikin kayan aiki, ɗaya da jaka a hammata, ɗaya yana jan abin da aka ɗaure. Na ce wa Yusif da Hausa ya sassauta, ga ɗan sandan gida nan tafe.

Sai mai gadin ya tsaya a kanmu ya ce, "Baba, sannu da aiki. Nama ake aunawa ko me?"

Katung sunansa, ɗan Kafanchan. Yusif ya ji kunya kaɗan, ni ban ji ba. Muka gaya masa abin da ya kawo mu. Ya duba cikin jakarmu duk da haka, kuma hakan ya burge ni. Da ya ga injinan biyu tsofaffi ne, ya kira wata ma'aikaciya ta buɗe mana sabo daga kwali.

Yusif ya cire batir ya rataya. Ya ce in karanta. Kilo ɗaya da giram ɗari biyu.

Ya ce in sake dubawa. Na sake. Bai canza ba.

Ke nan mai gyaran Suame bai saci komai ba. Haka aka ƙera abin. Na jera ukun a kan kanta na duba lambar da ke jikin kowanne. Lambobin iri ɗaya ne har zuwa ƙarshe, sai harafi ɗaya da ya bambanta na Yusif da sauran biyun. Ma'aikaciyar ta yi mana bayani ba tare da wani ɓoye-ɓoye ba. Ta ce wannan samfurin don kantinsu ake yin sa, na mai gida ne da zai rataya hoto ko ya kafa kanta sau biyar a shekara. Ta juya kwalin ta nuna mana inda aka rubuta haka da ƙananan haruffa. Na masu sana'a ba sa ajiye shi, sai an yi oda, kuma kuɗinsa ya fi ninki biyu. Yusif ya tambaye ta ko zai huda odum. Ba ta san odum ba. Da ya ce mata katako ne mai tauri, daga safe zuwa yamma, kullum, sai ta girgiza kai.

Katung ya raka mu har ƙofa. Ya ce duk Asabar yana ganin mutanenmu suna cika keken kanti da irin waɗannan za a aika gida, kuma bai taɓa ganin wanda ya juya kwalin ba.

A mota Yusif ya ɗan sami ƙarfi. Ya ce yanzu ga shaida, kantin ne ya yaudare shi, zai yi wa dangi bayani. Ban tayar da mota ba. Zargina na farko ya faɗi, na yarda a nan ya saya. Amma wani ya maye gurbinsa tun muna ciki, lokacin da na ga yadda ya ɗauki sabon injin. Bai yi mamaki a hannu ba. A fuska kawai ya yi.

Na ce, "Masta, kai ne kake ɗaga ƙofa ka faɗi abin da ke cikinta. Shekara bakwai injinka yana hannunka kullum. Ranar da ka ɗauki wannan, giram ɗari huɗu ba su nan, ba ka ji ba?"

Ya kalli motocin da ke fita.

"Na ji."

Ya juyo ya ci gaba.

"Tun a kanti na ji. Na ce wa kaina ai zamani ne, komai yana rage nauyi. Fam casa'in da tara, Malam, da batir biyu da akwati. Nawa ɗari biyu da talatin na saye shi, tsirara, ko leda babu." Ya shafa gwiwarsa. "Akwatin ne ya yi kyau. Na hango yadda za su buɗe shi a gaban mutane."

Nasa injin a wani ƙaramin shagon masu sana'a ya saya, na wani tsohon Bature a Tottenham da ke tambayarka aikin da za ka yi kafin ya miƙo maka kaya. An rufe shagon tuni, yanzu wayoyi ake sayarwa a wurin.

A hanyar komawa ya ɗauki saƙon murya huɗu ya goge. Kowanne da harafin nan yake farawa, da ƙananan rubutun bayan kwali, da abin da matar ta ce. Ya tambaye ni wanne ya fi. Na ce in ni ne Abdul-Jalil ko ɗaya ba zan saurara har ƙarshe ba. Ya ce to zai yi odar sabo na gaskiya. Na ce ya yi, amma wani akwati mai ƙyalli ne zai sake isa Aboabo, kuma wanda aka yi wa dariya a Suame ba shi da hanyar sanin bambanci sai bayan kwana goma sha biyu.

Injin da Abdul-Jalil ya sani ɗaya ne, wanda ya gani a waya, mai tabon ƙuna a gefe da harafin sunan Yusif da aka zana da ƙusa mai zafi. Na san Yusif ma ya sani. Kuma ban zaci zai aika da shi ba, don wannan injin ko ni bai taɓa bari na huda rami ɗaya da shi ba. Idan za mu ci abinci a wurin aiki, a cinyarsa yake ɗora shi.

Kwana goma bai sake tayar da maganar ba. Na ce a raina shi ke nan, zai zaɓi injin ya bar teburin, ya ci gaba da ba ni labarin mai gyaran Suame.

Ranar Laraba ta biyu, da muka tashi aiki, ya ce mu bi ta Peckham. Shagon Hajiya Awabu yana Rye Lane, tsakanin mai kifi da mai kitso. Tana ɗaure akwatuna, jibi za ta tashi. Ya ajiye wani ƙunshi a kan atamfofinta ya kwance. Injinsa ne. Ya wanke shi, ya sa masa sabon man giris. A jikinsa ya manna ɗan sukudireba da salatif, daidai girman kusoshin da ke rufe cikinsa.

Hajiya ta kalle shi ta kalli injin. "Wannan ma dawowa zai yi? In dawowa zai yi, Yusif, ka yankar masa tikiti. Wancan ya cinye mini wurin atamfa biyu."

Ya ce wannan ba zai dawo ba. Ta tambayi abin da za ta ce wa Abdul-Jalil.

"Kada ki ce komai. Ki ba shi kawai. Zai buɗe ya gani."

Ta ce ita ba ta ɗaukar kayan da ba ta san nauyinsa ba. Ya zaro sikeli ya rataya mata. Ta sa batiran a jakar hannunta tana mita, ta ce in ma'aikatan filin jirgi suka tsayar da ita sunansa za ta ba su.

Washegari ya zo aiki ba injin. Na ba shi nawa. Tun tsanin nan ban sake ba kowa aron komai ba, kuma na gaya masa haka, don kada ya ɗauka hali ne.

Mako biyar Kumasi ba ta ce uffan ba. Hajiya ta dawo ta ce ta ba shi hannu da hannu, ya karɓa ya ajiye ƙarƙashin tebur, ko godiya bai yi ba. Yusif ya daina zancen teburin mahaifinsa. Yakan duba waya a tsakiyar aiki ya mayar aljihu.

Muna cin abincin rana a mota a Edmonton saƙon ya shigo. Wannan karon shi kaɗai aka aiko wa. Ya kunna. Ba magana, sai ƙarar injin yana shiga katako, ya fito, ya sake shiga. Ni ma na gane muryar injin Yusif, shekara bakwai ina jin ta a ɗakin da ke kusa da ni. Kusan minti ɗaya ana haka. Sai can ƙarshe Abdul-Jalil ya yi magana.

"Rufin ɗakin baya yana yoyo. In za ka zo, ka zo kafin damina."

Na ce masa bai ambaci tebur ba. Na ce mai yiwuwa mai gyaran rufi kawai yake nema wanda ba za a biya ba. Yusif ya ce ya ji, ya sake kunnawa, ya manna wayar a kunne.

A watan Fabrairu ya tafi. Da safe na je garejin in karɓi makulli, don ni zan ci gaba da wurin. Na'ima ta zo daga Birmingham za ta kai shi filin jirgi, tana cikin mota tana ce masa da Turanci lokaci yana tafiya, yana amsa mata da Hausa. Akwatinsa na buɗe a ƙasa, rabi tufafi rabi kayan aiki. Ya rataya a sikeli na karanta masa, kilo ashirin da uku cif, daidai abin da jirgi ya yarda.

Sai ya juya ya ɗauko mataccen injin daga kan kanta. Na tambaye shi me zai yi da gawa.

"Zan ajiye shi a gabansa in ce masa na ji nauyin tun a kanti."

Ko ya faɗa, ko bai faɗa ba, ban sani ba. Ban je Aboabo ba, kuma a waya kowa lafiya lau yake. Abin da na gani shi ne ya durƙusa da ƙyar, ya zaro sababbin takalman da ya saya don ranar isa gida, ya ajiye su a gefe, ya cusa injin a gurbinsu. Ya ja zif, ya dafa bango sau biyu ya miƙe, ya sake ratayawa. Na karanta masa ashirin da biyu da giram ɗari tara. Ya cire sikelin ya zura mini a aljihun riga, ya ja akwatinsa zuwa motar 'yarsa, bai bari kowa ya kama masa ba.